Na ba mai fenti sojojina ne ko na daure na yi da kaina? Shawara don Allah

Tokatoka ya rubuta:

Salam 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa ba ƙwararren mai fenti aikin sojojinsu, don ni dai abun ya fara fin ƙarfina.

Tyranids nake tarawa, rundunar dodanni a Warhammer 40,000, wasan yaƙi da ake yi a kan tebur da ƙananan sojojin roba, na fara ne da kwalin Leviathan da ya fito a 2023, mai sojoji 72 in an haɗa da Space Marines ɗin ciki, daga nan kuma kun san yadda abun yake, yau ka ƙara ƙananan sojoji Termagants gobe ka ga ƙaton dodo Carnifex ka ce ai wannan dole ne, har ga shi yanzu na tara abin da ya kai maki 2000 a ma'aunin girman runduna amma in ka cire 'yan ƙalilan duk suna nan ruwan toka yadda suka fito, wasu ma ban ɓalle su daga firam ɗin robar da suke zuwa a manne da shi ba. Wasan nake so wallahi, fentin ne ba na samun lokacinsa. In na dawo daga aiki ido ya gaji, na zauna a kan Termagant ɗaya sai dare ya raba ban gama ƙafafunsa ba, ga 'yan uwansa jere a tebur suna jiran layi.

Abin da ya ƙara tunzura ni shi ne maki 10 ɗin nan da ake ba wanda rundunarsa ta cika sharaɗin Battle Ready, wato an gama fenta ta. Maki 10 cikin 100 na cin wasa fa, tun kafin a jefa dayis an riga an wuce ni.

To ga tambayoyina. Ta yaya ake gane mai fenti na ƙwarai tunda kowa hotunansa masu kyau ne a Instagram? Matakan nan da suke rubutawa, na ɗaya na biyu na uku, wanne ya dace da mai son wasa kawai? Na haɗa su da kaina kafin na aika ko na tura a kwali? Sannan ku faɗa min tsakani da Allah, abin kunya ne mutum ya shigo da rundunar da ba shi ya fenta ba? Don akwai wanda na faɗa wa sai ya kalle ni kamar na ce zan yi satar amsa.

Dan_Kraken ya rubuta:

Wa'alaikassalam Malam Tokatoka. Ba wani abin kunya, ka cire wannan a ranka. Wani wasa ya kawo shi, wani fenti, wani ma tarawa kawai yake yi ya jera a kanta yana kallo, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Maganar mataki, abu na farko da za ka sani shi ne babu wata hukuma da ta tsara su. Mataki na uku a wurin wannan yana iya zama na biyu a wurin wancan, don haka lambar ba ta gaya maka komai. Ko Battle Ready da Parade Ready da kake ji, Games Workshop, kamfanin da ke yin wasan, su ne suka fito da sunayen, kuma Battle Ready a wurinsu ba wani abu ne mai tsauri ba, a rufe ko'ina da kala, a sa ɗan inuwa, a gyara faifan da sojan ke tsaye a kai, shi ke nan. Kada ka ce wa mutum "ina son mataki na biyu" ka yi shiru. Ka ce ya turo maka hoton runduna guda da ya yi a wannan matakin, runduna fa na ce, ba jarumi ɗaya da ya ɓata mako a kansa don talla ba. Kuma ka nemi hoton kusa na wani soja daga tsakiyar taron, ta baya, a hasken rana. A nan ake kama mutum. Hoton da aka ɗauka cikin akwatin haske da baƙin bango ko ni na fenta sai ya burge ka.

Ga irin rundunarka ni shawarata ka raba biyu. Ƙananan nan, Termagants da Hormagaunts, mataki mafi sauƙi ya ishe su, ai a zagaye na biyu ma rabinsu sun koma jaka, wa zai tsaya duba idon Termagant? Daga inda kake tsaye a bakin tebur abin da ido ke gani shi ne kala ta zo ɗaya kuma faifan ya dace da juna. Kuɗinka ka zuba shi a kan manyan, Hive Tyrant, Screamer-Killer, Neurotyrant, su ne abokin wasa zai ce "ɗan miƙo in gani".

Abu biyu kuma kada ka yarda a fara aiki babu su. Na ɗaya samfur, ya fenta guda ɗaya tak ya turo hoto, in da hali ma ya aiko maka ka riƙe a hannu, sai ka amince sannan ya ci gaba. Kalmar "shunayya" kaɗai kala nawa ce? Kai kana nufin shunayya mai duhu irin ta ɓawon bayan Tyranids ɗin jikin kwalin Leviathan, shi ya yi maka mai haske mai ɗaukar ido, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinku. Gyara ɗaya ba komai ba ne, gyara tamanin kuwa rigima ce.

Na biyu jerin fentin da ya yi amfani da su, a rubuce, da sunan kamfani da sunan kala da yadda ya jera su, wanne a ƙasa wanne a sama. Wannan mutane suna raina shi. Runduna ba ta ƙarewa, baɗi za ka sayi sabon abu, dokoki za su canza, in mai fentin ya daina aiki ko layinsa ya yi tsawo to da wannan takardar kai ko wani zai iya kwaikwayo. Kuma fentin kansa yana ɓacewa a kasuwa, waɗanda suka daɗe sun tuna 2012 da Games Workshop suka sauya jerin fentinsu na Citadel gaba ɗaya, Devlan Mud ya tafi Agrax Earthshade ya maye gurbinsa, Badab Black ya tafi Nuln Oil ya zo, sun yi kama amma in ka jera tsohon soja da sabo mai ido zai gane.

Buroshi_Siriri ya rubuta:

Ni dai zan zama bare a zancen nan. Ɗan uwa ba na ce haramun ba ne, kuɗinka ne, amma Tyranids fa ka ce. A duk rundunonin wasan nan da wuya ka samu wadda ta fi su sauƙin fenti, babu bel babu maɓalli babu tuta babu fuskar mutum, fata ce da ɓawo da farce. Kala uku! Tun da fentin Contrast mai ruwa-ruwa ya fito a 2019 aka gama da uzurin "ba ni da lokaci", ga Speedpaint na Army Painter ma. Ka fesa farin fentin share fage, ka shafe fata da kala ɗaya mai ruwa-ruwa ta gangara cikin lunguna da kanta, ka bi ɓawon da mai duhu, ka taɓa farce, ka zuba yashi a faifai. Matsalarka ita ce kana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya kana son kowanne ya fito kamar na jikin kwali, alhali na jikin kwalin ƙwararrun masu fentin kamfanin, wato 'Eavy Metal, su ne suka yi, aikinsu ke nan safe da yamma. Jera goma ka yi musu fata duka, kafin ka kai na goma na farko ya bushe, ka dawo ka yi ɓawo.

Kuma akwai abin da kuɗi ba ya saya. Carnifex ɗin da ka fenta da hannunka ko ya fito a karkace, ranar da ya tarwatsa tankar wani daɗin da za ka ji daban ne. Na taɓa buga wasa da wani mai runduna kamar a sa a gidan tarihi, na tambaye shi yadda ya fitar da ja ɗin nan na farcen, ya ce bai sani ba. Hirar ta mutu a nan.

MaiFeshi ya rubuta:

Malam Buroshi ka yi gaskiya a kan Contrast, amma bari in yi magana daga ɗaya ɓangaren tunda ni ina karɓar irin wannan aikin.

Yallabai Tokatoka abin da kake saya a wurinmu lokaci ne, ba fenti ba. Fentin da zai shiga jikin Termagant ɗaya bai taka kara ya karya ba. Don haka in ka ga wani ya yi maka farashin da in ka raba da awannin aikin bai kai ladan kowace irin sana'a ba, to ka san wani wuri zai yanke, araha ba ta ado. Kuma wurin da ake yankewa kusan kullum ɗaya ne, shiri kafin fenti. Kowane sojan roba yana fitowa da ɗan siririn layi a inda ɓari biyu na mazubin suka haɗu, yana bi ta kan hannu da cinya da tsakiyar kai. A ruwan toka da ƙyar ka gan shi. Amma ka zuba masa fenti mai ruwa irin Contrast ko Nuln Oil, sai kalar ta taru a gefensa ya fito raɗau kamar an ja shi da biro. Kankare wannan layin da bayan wuƙa a kan sojoji ɗari aiki ne mai cin rai, ba ya fitowa a hoton talla, shi ya sa mai gaggawa ke tsallake shi. Ka tambaya ƙarara: kankarewa da cike ramukan haɗi suna cikin kuɗin ko daban ne?

Wannan ya kawo mu tambayarka ta haɗawa. In ka iya haɗi mai tsabta ka haɗa ƙananan, za ka rage kuɗi sosai. In kuwa irin haɗin nan ne na ɗoki, gam ya malalo ya cinye zanen ƙirji, an ɓalle da hannu an bar ƙullutu, to gara ka turo a firam, don gyaran haɗin wani ya fi sabon haɗi wahala kuma wasunmu har ƙarin kuɗi suke sawa a kansa. Manyan kuma don Allah kada ka liƙe hannuwan da suka rufe ƙirji, buroshi ba ya shiga, ka bar su daban. In kana son sauya makamin Carnifex gwargwadon wasa ka faɗa tun farko a huda a sa maganaɗisu, bayan fenti hudawa ɓarna ce. In akwai na rezin a ciki, wato waɗanda ba da robar da aka saba aka yi su ba, ka ambata, shi sai an wanke da ruwan sabulu saboda maiƙon mazubi, in ba haka ba fenti ba ya kama shi, kuma gam ɗin roba ba ya riƙe shi sai sufa gulu.

Waɗanda ka riga ka fara fentawa fa? Ka yanke shawara, ko a bi kalarsu ko a wanke. Ana jiƙa su a sifirit mai ƙarfi irin aisofurofil a goge da tsohon buroshin haƙori. Kada wani ya ce ka sa asiton, ruwan goge farcen nan, na ƙarfe yana jurewa amma na roba narkewa zai yi a hannunka.

Sai banish, abin kariya da ake fesawa a kan fenti. Ka ce a fesa, kuma ka faɗi irin wanda kake so, marar ƙyalli ko mai ɗan sheƙi. Sojan wasa hannu yake sha, ana ɗauka ana ajiyewa ana turawa cikin gini, in babu banish gefen ɓawo da tsinin farce su ne za su fara gogewa. Wasu masu Tyranids suna son jiki marar ƙyalli amma baki da harshe su yi sheƙi kamar da yawu, yana kyau sosai, amma sai ka faɗa.

Abin da ya fi ba mu ciwon kai kuwa ba mai ciniki ba ne, mai "yi yadda ka ga ya dace" ne. Ka yi yadda ka ga ya dace, ka kai rabi, sai ya turo hoton da ya gani a intanet ya ce ai irin wannan yake nufi, ka duba ka ga aikin gasar fenti ta Golden Demon ne da wani ya share watanni a kan soja ɗaya. Kamar ka kai wa tela yadi ne ka ce ɗinka duk abin da ka so, ranar karɓa kuma ka fito da hoton wani ɗinki daga aljihu. Turo hotunan tun ranar farko, ka ce wannan fatar nake so, wannan faifan, wannan kuma ba na so. "Ba na so" ɗin ma ya fi amfani a wurina.

Tokatoka ya rubuta:

Kai, Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Oga MaiFeshi maganar layin nan yanzu na ɗauko ɗaya na haska da fitilar waya, ga shi nan kuwa tun daga kai har wutsiya. Malam Buroshi na ji taka kuma ban ƙi ba, wataƙila na riƙe Hive Tyrant na yi shi da kaina a hankali ko don na samu amsar da zan bayar in an tambaye ni, amma taron ƙananan nan kam sai dai wani.

Saura maganar biya da aikawa. Wanda na fi so aikinsa ba a ƙasar da nake yake ba, ya ce rabi kafin alƙalami rabi in an gama, kuma layinsa ya kai wata biyar kafin ma ya taɓa nawa. Haka ake yi ko na gudu?

Yar_Sigmar ta rubuta:

Rabi kafin alƙalami ba abin tsoro ba ne Malam, kusan haka kowa ke yi, shi ma yana tsoron ya gama aiki ka ɓace. Wanda zai ce biya duka tun bai buɗe kwali ba shi ne zan yi wa kallon biyu. Dogon layi ma sau da yawa alamar ana son aikinsa ne.

Amma ka lura da lissafin nan. In ta PayPal za ka biya, ka biya a matsayin sayen kaya ko aiki, ba a matsayin tura wa ɗan uwa ko aboki ba, ko da ya ce zai rage maka kuɗin caji, don na biyun babu kariya ko kaɗan. Sannan damar shigar da ƙorafi ba ta wuce kwana 180 daga ranar biya. Wata biyar na jira, ga wata ɗaya ko biyu na aiki, ga hanya, ka ga kafin ka gane akwai matsala ƙofar ta rufe. Abin da nake yi shi ne ɗan abu kaɗan na kama layi, rabin gaske kuma sai ranar da zai fara, kayan ma kada su je su yi ta zama a ɗakinsa, ka aika in lokaci ya matso. A rubuta komai a imel, adadin sojoji ɗaya bayan ɗaya, mataki, ranar gamawa, duk bayan yaushe zai turo hoto, da abin da zai faru in ya wuce lokaci. Ka ɗauki hoton duk abin da ka zuba a kwali kafin ka rufe. Jinkiri kam ka sa a ranka za a yi, wanda ya ce maka "an samu matsala, ƙara min mako biyu" ba shi ne abin tsoro ba, wanda ya daina amsa saƙo ne.

Tunda ƙetare ne ka binciki kwastan ta ɓangare biyu, zuwa da dawowa, don ana iya caza ka haraji a kan kayanka na kanka in takardar ba ta bayyana komai ba, kuma ku yi magana wa zai biya. Inshorar dawowa ta rufe kuɗin sojojin haɗe da kuɗin fentin, ba na robar kaɗai ba.

Tyranids kuma mugayen kaya ne a hanya, duk tsini ne da siraran ƙafafu, Hormagaunt ɗin nan da ke tsaye a kan 'yar ƙafa yana tsalle ko harara ka yi masa sai ya karye. Ka tambaye shi yadda yake shirya kwali. Soso mai ramuka ya yi wa ƙanana, amma farcen manyan yana maƙalewa a soso ya ɓalle wurin cirewa, gara a naɗe kowanne da takarda mai laushi tukuna sannan leda mai kumfa, a sa ƙaramin kwali cikin babba. In ka girgiza ka ji motsi to ba a gama ba. Ka tanadi gam dai, ɗaya ko biyu sai sun iso a karye, wannan ba laifin kowa ba ne.

Maganar kunya kuma wuri ɗaya ne take da gaske. Maki 10 ɗinka halal ne, dokar ba ta tambayi wa ya riƙe buroshi ba. Amma in an zo zaɓen runduna mafi kyau a gasa ka faɗa wa masu shiryawa ba kai ka yi ba, wasu za su cire ka daga wannan ɓangaren wasu ba ruwansu. In an yaba kuma ka ambaci mai aikin.

Buroshi_Siriri ya rubuta:

To Hive Tyrant ɗin ma ya isa, na yafe sauran. Amma ka jira nasa su dawo tukuna kafin ka fara naka, ka ajiye ɗaya a gabanka kana kallo, in ba haka ba shugaban zai fito kala daban da yaransa. Kuma faifan, ka tambaye shi irin yashi da ciyawar da ya sa har da kalar da ya zagaye gefen da ita.

MaiFeshi ya rubuta:

Ƙari a kan na Malam Buroshi, in mutumin da injin feshi yake aiki jerin kaloli kaɗai ba zai ishe ka ba, don laushin da feshi ke bayarwa buroshi ba ya kamo shi da sauƙi. Ka roƙe shi ya fesa wa Hive Tyrant ɗin share fage da kalar fata tare da sauran a rana ɗaya, ya dawo maka da shi haka, kai kuma ka ƙarasa ɓawo da farce da ido. Aikin 'yan mintuna ne a wurinsa, da yawa ba za su ma caje ka sosai ba.

Kuma kada ka tura masa maki 2000 a karon farko. Fara da Termagants 20 ɗin cikin Leviathan da dodo ɗaya matsakaici, ka ga yadda yake amsa saƙo, ka ga kwalin da zai dawo da su, ka juya ɗaya ka duba ƙarƙashin ciki ko fenti ya kai can. Wane launi ma kake so, na Leviathan ɗin ko naka za ka ƙirƙira? In fari ne a fata ka gaya masa tun yanzu, fari da rawaya sun fi cin lokaci kuma zai iya shafar farashin.